Ba kullum famfon mai ke da laifi ba: kira ga masu tashin ƙananan jirage na rimot

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a shafin wasiƙu, ko da maganar za ta ɗan yi tsawo, domin mu yi wa ƙannenmu bayani, wato matasan da suka rungumi haɗa ƙananan jiragen sama masu tashi da rimot a nan Gombe da Bauchi da sauran garuruwan da ke kewaye. Yawancinsu da moto mai batir suke farawa, idan hannu ya faɗa sai su koma injin fetur mai sisi (cc, wato awon girman inji) 20 ko 35 ko 55, irin su DLE da Zenoah. Inji ne mai tsada, daga waje ake kawo shi, kuma abin da ya fi kashe shi a hannun sabon shiga shi ne ƙarancin mai. Da zarar inji ya ƙi tashi, ko ya tashi ya mutu, hukuncin da ake yankewa guda ɗaya ne: famfo ya mutu. Daga nan sai a kama murɗa allurai na saitin kafireta ba lissafi, ko a yi odar sabuwar kafireta a zauna jiran makonni. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Famfon nan yana lalacewa, amma kafin a kai gare shi akwai wurare huɗu ko biyar da suka fi shi yawan kawo matsala, kuma duk ana iya gano su da kayan da ke cikin gida.

Sai an san yadda abin yake aiki kafin a san inda za a duba. Kafiretar babur da ta ƙaramin janareta suna da kofi a ƙasa, mai yana gangarowa daga tanki da nauyinsa ya cika kofin. Jirgi kuwa yana kifewa, yana miƙewa tsaye, yana juyawa, don haka kofi ba zai yi masa ba. Shi ya sa ake sa masa kafireta mai fata, irin ta kamfanin Walbro, wadda ita ce dai a jikin injin yankan itace da na yanke ciyawa. Wanda ya iya gyaran waɗannan injuna a kasuwa ya riga ya san rabin aikin. Famfon yana cikin kafiretar kanta, kuma ba wani abu ba ne illa siririyar fata mai harsuna biyu da aka yanka a jikinta. Idan fistan ya hau sama, iskar da ke gidan karanshaf takan ragu ta yi zuƙa; idan ya sauko, sai ta matsu ta yi turi. Wannan numfashi yana bi ta wani ɗan rami ya isa bayan fatar, ya riƙa ja da tura ta. Harshe ɗaya yana buɗewa mai ya shigo, ɗayan yana buɗewa mai ya wuce gaba, kowanne yana hana shi komawa baya. Injin da ke juyi 7,000 a minti ɗaya yana kaɗa fatar nan sau 7,000 ke nan, sama da sau 100 a kowace daƙiƙa.

Daga famfo mai yana ratsa wata 'yar rariya ta ƙarfe, ya isa bakin allurar shiga, wadda sifirin ke danne da ita a rufe. A ɗaya gefen kafiretar akwai fata ta biyu, fatar awo. Idan inji ya zuƙi mai daga ɗakin da ke ƙarƙashinta, iskar waje da ke shiga ta ramin murfi sai ta danna fatar, fatar ta danna wani ɗan ƙarfe mai kama da sikeli, allurar ta ɗaga, mai ya shigo. To ka ga hanyar tana da tsawo: tanki, tiyo, numfashin inji, fatar famfo, rariya, allura, fatar awo. Duk inda aka samu cikas a cikinsu, alamar da za a gani iri ɗaya ce, inji ba ya samun mai.

Kafin a taɓa komai, a kashe makunnin wutar fulogi, a ma cire batirinsa idan za a juya farfela da hannu don dubawa. Farfelar inci 22 da ke kan injin sisi 55 ba ta san yatsa ba. Idan za a tayar, a ɗaure jelar jirgin ko wani ya riƙe shi da kyau, mai juyawa ya sa safar hannu mai kauri, yara 'yan kallo su koma bayan jirgi, kada kowa ya tsaya daidai gefen farfela.

Gwajin farko shi ne a tabbatar matsalar ta mai ce. A ɗiga gaurayayyen mai ɗigo huɗu ko biyar a maƙogwaron kafireta da sirinji, a kunna wuta, a juya. Idan ya kama ya yi daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, to wuta lafiya, matsi lafiya, mai ne ba ya zuwa. Idan ko tari bai yi ba, a bar famfo ya huta, a koma kan fulogi da batir da na'urar wuta. Fulogin da yawancin injunan nan ke amfani da shi shi ne NGK CM-6, tazarar bakinsa kusan rabin milimita. Na jabu ya yi yawa, kuma yakan yi wuta a waje ya ƙi yi a cikin matsi.

Gwaji na biyu yana raba gardama tsakanin tanki da kafireta. A cire tiyon da ya fito daga tanki, a sa sabon tiyo mai tsawon santimita 30, a tsoma bakinsa cikin kwalba mai tsabta da aka zuba mai, a riƙe kwalbar daidai da tsayin kafireta. A rufe cok, a buɗe totur kaɗan, a juya farfela ana kallon tiyon. Kowane juyi ya kamata a ga mai ya ɗan matsa gaba, kuma bai kamata ya zame ya koma ba idan an tsaya. Idan inji ya ja daga kwalba ya yi aiki lafiya, an wanke kafireta daga zargi, laifin yana cikin tanki.

A nan ne muke so a daɗe, domin a nan aka fi yin kuskure. Tiyon silikon, mai taushin nan da ake sa wa injin gilo (mai shan metanol maimakon fetur), ba ya jure fetur: yakan kumbura, ya yi laushi, ya zame daga bakin bututu cikin 'yan kwanaki. Haka ma toshiyar roba ta bakin tanki, akwai ta fetur akwai ta gilo, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Na fetur shi ne Tygon, mai ruwan ɗorawa, ko baƙin Viton. Shi ma Tygon ɗin da ke cikin tanki yakan ƙandare bayan kamar shekara guda, musamman idan ana barin tankin a bushe, kuma idan ya ƙandare ɗan ƙarfen mai nauyi da ke bakinsa ba zai ƙara bin mai duk inda ya kwanta ba. A ɗaga tanki a karkata shi sama da ƙasa da gefe, dole a ji ƙarfen yana faɗuwa ƙwas a kowane ɓangare. A bar tazarar kusan santimita 1 tsakaninsa da bangon baya, don kada ya manne ya toshe kansa. Bayan sauka mai ƙarfi, ƙarfen nan yakan wuntsila ya koma gaban tanki ya lanƙwashe tiyo. Alamarsa ita ce inji ya yi lafiya idan tanki a cike yake, ya mutu da zarar mai ya kai rabi ko an ɗaga hancin jirgi sama. Girgiza jirgin da hanci a sama yakan mayar da shi, amma maganin dindindin shi ne a sa guntun bututun tagulla a tsakiyar tiyon cikin tanki yadda ba zai iya naɗewa ba.

Faɗin ramin tiyo ma yana da muhimmanci. Injin sisi 20 zuwa 30 yana wadatuwa da mai ramin milimita 2.4, amma sisi 50 zuwa sama yana son milimita 3 ko ɗan fiye. Kowace mahaɗa a ɗaure ta da siririyar waya zagaye biyu. Ramin da bai kai tsinin allura ba ya isa ya hana famfo ja, saboda iska ta fi mai sauƙin zuƙowa, kuma sau da yawa irin wannan rami ba ya yoyon mai, iska kawai yake sha. Kumfa a cikin tiyo lokacin da inji ke aiki ita ce shaidarsa. Don a gano wurin, a toshe dukan bakunan tanki ban da ɗaya, a hura iska ta nan da sirinji babba, a nutsa tankin cikin bokitin ruwa a ga inda ƙwayoyin iska ke fitowa.

Sai tiyon shan iska na tanki, wanda ake yawan mantawa da shi. Mai ba zai fita ba sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Idan ya toshe, inji zai yi minti ɗaya ko biyu lafiya, sannan ya fara shaƙewa, wani lokaci har a ga tankin roba ya lotsa. Mu a nan muna da wani maƙiyi da littattafan injunan ba su ambata ba: zanzaro. Jirgin da aka rataye a zaure ko a shago na 'yan makonni, ba abin mamaki ba ne a tarar ya cusa laka a bakin tiyon. A hura a ji iska na wucewa kafin kowane tashi, idan kuma za a ajiye a toshe bakin, a ɗaura masa jan ƙyalle don kada a manta a cire.

Idan ko daga kwalba inji bai ja ba, a dubi cok tukuna. Juyin hannu ba shi da saurin da zai sa famfo aiki sosai, don haka a lokacin tayarwa zuƙar da rufaffen cok ke haddasawa ita ce ke jawo mai. Faifan cok da bai rufe ruf ba, ko sukurunsa ya kwance, ko sandar da ke jan sa ta gaza kaiwa ƙarshe, zai sa a yi ta juyi har kafaɗa ta gaji. A toshe bakin kafireta da babban yatsa a juya sau biyar ko shida, wuta a kashe. Idan mai ya taho har ya jiƙa yatsa, cok ne ke buƙatar gyara. Akwai kuma injin da ya daɗe a ajiye har harsunan famfo suka bushe. Busasshen harshe ba ya kama jikin ƙarfe, iska na bi ta gefensa. Sau da yawa tura mai kaɗan da sirinji ta bakin shiga, a hankali, a bar shi ya jiƙa na minti goma, yana isa ya farfaɗo da shi ba tare da an kwance sukuru ko ɗaya ba.

Daga nan sai numfashin inji, abin da ke kaɗa famfon. A wasu injuna wani gajeren tiyo ne ke ɗauko shi daga gidan karanshaf zuwa murfin famfo. A dube shi ko ya tsage ko ya zame ko zafin salansa ya narkar da shi. A wasu kuwa rami ne da ya ratsa ta cikin gasket da farantin da kafireta ke zaune a kai. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama masu gyara: an cire kafireta, an mayar da gasket a juye, ramin bai hau kan rami ba, famfo ya rasa numfashi gaba ɗaya. Ko kuma an yanka sabon gasket daga kwali an manta da ɗan ramin, ko an shafa gam ɗin gasket ya malale ya toshe shi. Kada a shafa gam a wurin nan sam. Gwajinsa mai sauƙi ne. A cire kafireta da fulogi, a ɗiga ɗigon man inji a bakin ramin, a juya karanshaf da sauri. Ɗigon ya riƙa shiga yana fita. Idan bai motsa ba, ramin a toshe yake. Idan motsin ba ƙarfi, gidan karanshaf na shan iska ta wani wuri: gasket ɗin da ke tsakanin silinda da gida, ko farantin kafireta da ya tsage saboda an ɗaure sukurori fiye da kima, ko kuma 'yan faifan bawul da ke bayan kafireta a injunan da ke da su. A ɗaga waɗannan a kalli haske ta bayansu. Idan bakinsu ya ɗage ko ya gutsure har haske na wucewa sosai, a canza su.

Sai duk wannan ya wuce lafiya ake buɗe kafireta. A wanke bayanta tukuna, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, a rufe taga idan lokacin hunturu ne, domin ƙwayar ƙura guda a ƙarƙashin allura ta isa ta ɓata aikin yini. A ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Murfin famfo galibi shi ne mai babban sukuru ɗaya a tsakiya. A ɗaga shi, a zare fatar a hankali, a ɗaga ta sama a kalli haske. Harsunan biyu su kwanta shamɓal. Idan sun nannaɗe, ko sun yi tauri kamar busasshen ganye, ko tsakiyar fatar ta zurma ta yi kwari, aikinta ya ƙare. Idan ta huje kuwa, alamar takan zo a juye: mai yana bi ta ramin numfashi ya zube kai tsaye cikin inji, hayaƙi ya yi yawa, fulogi ya jiƙe, kuma duk yadda aka rufe allurai ba ya jin magana. A ƙarƙashin fatar za a ga 'yar rariyar, faɗinta bai kai ƙwayar wake ba. Sau da yawa a ido tas take, alhali wani siririn gashi-gashi mai kama da auduga ya lulluɓe ta. Injin da ke yin silo lafiya amma ya shaƙe da an ba shi wuta, a fara zargin rariyar nan. A ɗago ta da tsinin allurar ɗinki ta gefe, a wanke da fetur mai tsabta, a mayar da ita da gindin fensir.

Ɗaya murfin, mai ƙananan sukurori da ɗan rami a jiki, shi ke rufe fatar awo. Lafiyayyar fata tana da laushi kamar tsumma, idan an taɓa ta ba ta ƙara. Wadda ke ƙaras-ƙaras kamar takarda ba za ta iya danna sikelin yadda ya kamata ba, kuma wannan fata ta fi ta famfon yawan jawo abin da ake kira mutuwar famfo. A danna sikelin da yatsa a ga allura na ɗagawa tana komawa. Tsohon mai yakan daskare ya manne ta a mazauninta. Idan za a cire ta, a sa kafiretar cikin farar leda a kwance a ciki, don sifirin ɗin ƙanƙane ne, idan ya yi tsalle ba a ƙara ganinsa. A dubi tsinin robar allurar: idan ya yi zobe inda yake zama, a canza. Kada a ja sifirin don a ƙara masa tsawo, kada a yanke shi. Tsayin sikelin ma a bar shi yadda aka same shi sai da dalili. A kafiretar Walbro ta jerin WT yana zama kusan milimita 1.5 zuwa 1.8 ƙasa da leɓen jikin kafireta, kuma kamfanin na da ɗan ma'auni na musamman don haka. Idan ya yi ƙasa da yawa inji zai yi yunwa a babban gudu, idan ya yi sama mai zai yi ambaliya a silo.

Abu biyu muke roƙo a daina. Na farko, zura waya ko tsinken ƙarfe cikin ƙananan ramukan kafireta, domin faɗinsu a aune yake, kuma da an buɗa shi ba ya komawa. Na biyu, kai ta wurin mai faci a hura mata iskar kwamfaresa. Akwai wani ɗan bawul a cikin babban ramin feshi wanda iska mai ƙarfi ke fasawa, daga nan inji ba zai ƙara yin silo mai kyau ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Maganin wankin kafireta na gwangwani ya isa, shi ma bayan an cire duk wani abu na roba.

Kayan gyara na jerin WA da WT suna zuwa a ƙunshi mai lamba K10-WAT ko K20-WAT, amma a karanta lambar da aka buga a jikin kafiretar kafin a saya, a kuma ɗora sabuwar fata a kan tsohuwa a ga ramuka sun dace. Wajen mayarwa akwai tsari, kuma ɓangarorin biyu kishiyar juna ne. A gefen famfo, fata ce ke kwanciya a jikin kafireta, gasket ya hau kanta, sannan murfi. A gefen awo, gasket ne ke fara hawa jiki, sannan fata, farantin ƙarfenta na kallon sikeli, sannan murfi. Wanda ya sa gasket a ƙarƙashin fatar famfo ya raba harsuna da wurin da za su rufe, kuma sabon kaya zai ƙi aiki kamar tsoho.

Kafin a ɗaura ta a inji a gwada ta da matsi. Wanda ba shi da ma'aunin makanikai zai iya amfani da tsohon abin awon jini mai agogo da roba ta matsawa, wanda ke kaiwa 300 a ma'auninsa, wato kusan 0.4 a awon matsi da ake kira bar. A jiƙa allurar shiga da mai, a haɗa tiyo a bakin shiga, a matsa, a zuba ido na minti ɗaya. Lafiyayyar kafireta tana riƙe wannan matsi, har ma bar 0.5, ba tare da allurar agogo ta sauka ba. Idan tana sauka, a tsoma kafiretar cikin kofin kananzir a ga inda kumfa ke fita. Ta maƙogwaro, allurar shiga ce ke yoyo. Ta gefen murfi, gasket ne. Ta ramin numfashi, fatar famfo ta huje.

Yanzu ne lokacin allurai biyu na saiti ya yi, ba tun farko ba. Mai alamar L ita ce ta kusa da inji, ta ƙaramin gudu. Mai alamar H ta fi kusa da bakin shan iska. A rufe kowace a hankali har ta taɓa, ba a ɗaurewa, don tsininta na iya ɓata mazauni. A yawancin injunan nan ana farawa da buɗe L zagaye ɗaya da kwata, H zagaye ɗaya da rabi, sai dai idan littafin injin ya faɗi wani abu daban. Gyara kuma kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ake yi a lokaci guda, inji a kashe. Idan an sami ƙololuwar gudu, a ɗan buɗe H har juyi ya ragu da kamar 200 a minti. Dalilin da ya sa muke nanata wannan shi ne, a injin nan man shafawa tare da fetur yake tafiya. Injin da ke yunwar fetur yana yunwar man shafawa ne a lokaci guda, ga zafi na ƙaruwa, kuma cikin mintuna kaɗan fistan da zobensa za su karce silinda. Idan aka ga sai an buɗe H ya wuce zagaye biyu kafin inji ya yi daidai, ba a gyara komai ba, an rufe ciwo ne da tsumma, a koma a nemi inda mai ke maƙalewa. Fulogi ma yana ba da labari: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat yunwa, baƙi mai danshi mai ya yi yawa.

Akwai matsalar da ba ta bayyana sai a sama. Inji lafiya lau a ƙasa, amma da jirgi ya ɗauki gudu sai murya ta canza. Sau da yawa iskar da ke shiga rufin hancin jirgi ce ke bugun ramin murfin fatar awo, tana danna fatar ko tana zuƙo ta. Maganinsa a liƙa ɗan bututun tagulla a kan ramin da dalma, bayan an cire murfin daga kafireta, a ja tiyo daga nan zuwa cikin jikin jirgi inda iska take kwance. Farfelar da gefe ɗaya ya fi nauyi kuma tana girgiza tanki har mai ya yi kumfa. A daidaita ta, a kuma naɗe tanki da soso. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40, jirgin da ya sauka aka kashe shi a rana yakan ƙi tashi bayan minti biyar saboda fetur ya zama tururi a cikin kafireta, kuma famfon fata ba ya iya tura tururi. A kai shi inuwa na kwata ɗin awa, a kuma nesanta tiyo da salansa da aƙalla faɗin yatsu biyu. Duk wani gwajin tashi bayan gyara a yi shi a fili mai nisa da gidaje da hanyar mota, nesa kuma da filin jirgin sama na Lawanti, domin injin da ya mutu a sama ba ya zaɓen inda zai sauka.

Shi kansa fetur ɗin abin dubawa ne. Man galan na gefen titi yakan zo da ruwa da tsatsa da ƙura, wani lokaci da gaurayen kananzir. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai metanol fiye da kima cikin ƙasar nan. Metanol da etanol duk suna ƙandarar da fata da tiyo, suna kuma jawo ruwa. Gwajinsu ba wuya: a zuba ruwa mililita 10 a siririyar kwalba, a yi alama a inda ya tsaya, a ƙara fetur mililita 90, a girgiza, a bar shi ya kwanta. Idan layin ruwa ya haura alamar, akwai gauraye a ciki. A tace mai sau biyu, wajen zubawa a galan da wajen ɗurawa a tanki, ko da da 'yar filtar babur ce a kan tiyon ɗuri. Man gaurayawa ya zama na 2T mai kyau na injin da iska ke sanyayawa, ba baƙin man mota ba. Awon 30 da 1 shi ne mililita 33 a lita guda, 40 da 1 kuwa mililita 25. A bi abin da mai injin ya rubuta, a auna da sirinji, a daina awon murfin gora. Kuma kada a gauraya fiye da abin da za a ƙone cikin wata guda.

Masu injin gilo, mai shan metanol da nitro, yawancinsu ba su da famfo ko kaɗan. Matsin salansa ne ke tura mai daga tanki, don haka abin dubawa shi ne ɗan bakin da ke jikin salansa, wanda ƙonannen man zurma na cikin man gilo ke toshewa, da kuma zaman tanki, wanda tsakiyarsa ya kamata ta yi daidai da allurar kafireta ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan. Masu famfon Perry VP-30, da numfashin gidan karanshaf yake aiki, gwajin ɗigon mai da muka faɗa ya shafe shi. Injunan YS kuwa tankinsu a matse yake da iska ta hanyar bawul mai hanya ɗaya. Idan an sa bawul ɗin a juye ko ya toshe, mai ba zai zo ba, kuma a saki iskar tanki kafin a cire tiyon mai, in ba haka ba zai yi feshi a fuska. Fatun da ke cikin famfunan YS da O.S. na silikon ne, fetur da kananzir da man feshin sassauta tsatsa duk suna kumbura su. Idan man zurma ya daskare a ciki, da sabon man gilo ake jiƙa shi a bar shi ya kwana.

Game da ajiya, ra'ayin masu sana'ar ya rabu, amma ga namu. Jirgin fetur da ake tashi duk mako, a kwashe man tanki a bar na cikin kafireta, don fatu su zauna a jiƙe. Wanda zai kwana biyu a rataye, kamar tsawon damina, a bar inji ya ƙone abin da ke ciki har ya mutu da kansa a silo, a toshe tiyo da bakin kafireta da na salansa, a sa a rai cewa ranar da za a sauko da shi sai an jiƙa famfo, wataƙila ma a canza fatar awo. Ƙunshin fatu guda na ajiya, a cikin leda a rufe nesa da rana, da mita ɗaya ta sabon tiyo, su riƙa zama a akwatin kayan aiki.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu haɗa ƙananan jirage da gyaran injunansu,
Gombe.